Hannun Lolo Ambo a Sahun Gaba

Santa Ines, Nueva Ecija
Fabrairu, 1994

Zuwa ga Tita Perla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Hong Kong ya sassauta miki, yaran gidan aikin kuma sun daina ɓoye miki takalma. Mama tana gaishe ki. Man shafawar da kika aiko ya iso, ta kulle shi a kabad, sai ranar Lahadi muke jin ƙamshinsa.

Tita, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Fada a coci. Ke na zaɓa saboda kina nesa, ba za ki tsare ni da ido ba ina magana. Lolo Ambo ba ya busa turombon ɗinsa, ƙahon tagullar nan mai bututu. Mahaifinki, kakana, wanda mutane ke leƙowa ta taga don su gan shi a sahun gaban 'yan badujala, shekara biyu ke nan babu sautin da ke fita daga ƙahonsa.

Tun ranar da jiri ya kwashe shi a rana Mama ta ɗora min riƙe masa lema a duk jerin gwano, don haka kunnena yana daf da kafaɗarsa. Kin san barkwancinsa, wai ba don girma aka sa masu turombon a gaba ba, don kada bututun da suke turawa suna jawowa ya fasa ƙeyar mutane ne. To yana nan a gaban, farar rigarsa ta sha guga, kumatunsa suna cika, hannunsa yana kai bututun yana dawo da shi daidai wa daida. Amma iska kawai nake ji, fuuu, kamar ana hura gawayi. Tun da aka cire masa haƙoran gaba aka sa na roba abin ya fara. Da ya danna bakin ƙahon a leɓe sai su goce. A gida ya daina gwaji, wai jaririn maƙwabta yana firgita. Jaririn nan yanzu har kasuwa yake bin uwarsa.

Da na ci gaba da shiruna, sai dai ga abin da ya faru. Bana Lolo yake cika shekara sittin a badujalar garinmu. Mang Turing, shugabansu, ya tare ni a bakin coci ya ce:

"Ke 'yar littafi, zo nan. Ba ke ce kullum hancinki a cikin takarda ba?"

Na ce, "Ni ce."

"To ki rubuta mana labarin kakanki a aika wa mujallar ƙungiyar masu turombon a Manila. Bara 'yan badujalar ƙetaren kogi sun fito har da hoto, mutanen da ko jana'izar kaza ba su iya busawa ba. Ki zuba masa zuma, kin ji?"

Na so in ce ban iya ba, sai ga ni na amsa da to. Efren kuma yana tsaye a bayansa yana goge ƙahonsa, ɗan Aling Puring mai ba da hayar littattafai, wanda yake busawa a hagun Lolo. Bai kalle ni ba. Ba wai na damu ba ne, na dai lura.

Mujallar nan Lolo yana ajiye ta kamar littafin addu'a, Tita. Sunansa bai taɓa fitowa a ciki ba. Me zan rubuta? A littattafan da nake karantawa, in jarumi yana da sirri, ruwan sama yakan sauko a babi na ƙarshe ya faɗa da bakinsa, kowa ya yi kuka a yafe. A nan ruwa sai watan Yuni.

Ki ba ni amsa da wuri. Kada ki faɗa wa Mama.

Taki har kullum,
Ning

*

Hong Kong
Maris

Ning, 'yar mafarkina,

Na gaishe ki, na gaishe da uwarki, ki ce mata man nan na shafawa ne, ba na gado ba. Ki kai hannun Tatay, mahaifina, goshinki, ki gaishe shi a madadina.

A bakin titi na karanta takardarki ranar hutuna, muna zaune a kan kwali da 'yan uwana masu aiki, sai da wata ta tambaye ni ko mutuwa aka yi. Na ce a'a, 'yar ƙanwata ce ta gano cewa tsofaffi suna tsufa.

Saurara da kyau. Ubana ya busa ƙahon nan a bikin aurena, ya busa shi a jana'izar uwata hawaye na zuba a kan tagullar. Da shi ya ciyar da mu mu bakwai. In yau ya ga dama ya riƙe shi kawai ya yi tafiya, ya biya kuɗin wannan tafiyar tun kafin a haifi uwarki. Ba ki ji komai ba, ba ki ga komai ba. Ki riƙe lemarki.

Labari kuwa, ai Allah ya kawo ki gidan sana'arki. Duk kalmomin nan da kike haɗiya a shagon Puring, fito da su. Ki ce in ya busa tsuntsaye suna tsayawa a sama. A da suna tsayawa ɗin, ni shaida ce. Mutanen Manila ba za su hawo mota su zo su kasa kunne ba.

Wane ne kuma Efren? Mai kunnuwan nan kamar murfin tukunya? Na bar shi yana yawo ba wando. "Na dai lura." Uhm. Ki ci gaba da lura daga nesa, ko in dawo in lura da ke.

Ki ci abinci, kin rame a hoton Kirsimeti.

Tita Perla

*

Ƙungiyar Masu Busa Turombon
Sashen Mujalla, Quiapo, Manila
Maris

Zuwa ga Luningning Manalastas,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan 'yan badujalar Santa Ines. Rubutunki a kan kakanki Ambrosio Manalastas ya iso, na karanta shi sau biyu, matata ta karanta sau ɗaya ta nemi hankici.

'Yata, kin iya jera magana. Sai dai ba zan iya buga shi yadda yake ba, kuma zan faɗa miki dalili, don na ga alamar za ki jure.

Masu karanta mujallar nan mabusa ne. In kika ce musu sautin kakanki "ya narkar da zuciyar la'asar," za su tambaya: wace waƙa? A tafe ko a tsaye? Wa ya koya masa? Da kunne yake bi ko da takarda? Na kai ƙarshen shafi na huɗu ban ji sautin mutumin ba ko sau ɗaya. Na ga kurciyoyi, na ga faɗuwar rana har iri biyu a yini guda. Na kuma lura cewa wani saurayi da ke tsaye a hagunsa ya fi mai labarin samun layuka, musamman gashin goshinsa. Ba na shakkar gashin, amma ba shi ne ya cika shekara sittin ba.

Ga ƙa'idodinmu, ba su da yawa. Ki rubuta abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji, ko da kaɗan ne. Kada ya wuce shafi biyu. Hoto ya zama mai haske, a rubuta sunayen mutane a bayansa. Sannan ba ma buga labarin mabushin da ke raye sai shi da kansa ya karanta ya sa hannu a ƙasa. Mun taɓa yabon wani da abin da bai yi ba, abokansa suka yi ta tsokanarsa har ya bar zuwa taro.

Fitowar watan Mayu tana rufewa a ƙarshen Afrilu. Na bar miki gurbi. Na taɓa jin kakanki a wata gasa a Cabanatuan ina saurayi, kuma ban manta ba. Ina so in san yadda yake yanzu.

Naki da girmamawa,
Hilarion Macaraeg, Edita

*

Santa Ines
Afrilu

Tita Perla,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki zauna kafin ki karanta, ba a bakin titi ba.

Na bi shawararki, an dawo min da rubutun. Ga takardar editan na haɗo miki. Wajen maganar gashin goshi kada ki yi dariya, na riga na yi kukan a bayan tankin ruwa. Kwana biyu ban shiga shagon Aling Puring ba, kamar a goshina aka buga takardar.

Sai Lolo ya kwanta da zazzaɓi. Kada hankalinki ya tashi, ya warke, jiya ma ya cinye kunun shinkafa kwano biyu yana faɗa an cika citta. Amma yana kwance aka yi jana'izar Mang Doro mai aski, 'yan badujala suka fita ba shi. Mama ta ce in bi su da butar ruwa tunda na saba.

Tita, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Daga coci zuwa kasuwa an lallaɓa. Da aka sha kwanar kasuwa aka shiga waƙar makokin nan mai nauyi, wadda masu turombon ke ɗauka su kaɗai, sai kowa ya kama gabansa. Efren ya shiga da wuri, tagwayen Mang Turing suka shiga a makare, ɗaya ya tura bututu har ƙarshe ɗaya ya tsaya a rabi. Wani kare ya kama haushi. Matar mamacin ta ɗago mayafi ta waiwayo, ta bar kukan ta harare su. Mang Turing ya yi ta kaɗa sanda kamar mai korar ƙuda.

A maƙabarta suka zauna ƙarƙashin mangwaro. Na miƙa wa Efren ruwa, garin sauri har na jiƙa masa takalmi. Ya ce:

"'Yar lema, yaushe tsohon zai tashi?"

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi min. Na ce, "An ce jibi."

"Gara dai. In aka sake mutuwa kafin jibi, mu za a binne."

Ɗaya daga cikin tagwayen ya ce, "Kai ka fara ɓatawa, Kunnuwa."

"Ni? Kai da ka busa kamar saniya ta ga wuƙa?"

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ji bakina yana cewa, "To ai ko yana nan..." Sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk suka kalle ni. Efren ya ajiye kofin ya ce, "Ko yana nan ba ya busawa? Shi za ki ce?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba:

"Ke kaɗai kika ɗauka kina da kunne? Kowa ya sani. Mang Turing ya ce duk wanda ya furta a gabansa, shi zai ɗauki babbar ganga shekara guda, har da hawan tudu."

Na ce, "To me ya sa kuke barin sa a gaba? Tausayi?"

Ya yi dariya, amma ba ta wulaƙanci ba. Ya ce, "Wane tausayi? Kin ga takardun nan da muke maƙalawa a ƙaho? Ado ne. Ni da kyar nake bin layi biyu, waɗannan kuwa ko a kife ka ba su ba za su gane ba. Hannunsa muke kallo ta gefen ido. Inda ya kai bututu nan muke kaiwa. In kafaɗarsa ta ɗaga mun san numfashi za a ja. Waƙa nawa ce a hannun nan, ba wanda ya sani. Mu ne bakinsa kawai."

Tita, shekara biyu ina tafe a gefensa ina jin kunya a madadinsa, ina karkata lema don kada mutane su lura. Ashe ni kaɗai ce a sahun nan ban san aikin da yake yi ba.

Amma ga inda abin ya tsaya min a wuya. Na tambayi Efren ko Lolo ya san suna bin sa. Ya ce a'a. Shi a zatonsa ya rufe kowa ne, kuma abin yana cin sa. Ya riga ya gaya wa Mang Turing cewa daga bikin gari na watan Mayu ya ajiye, wai ƙafa ta gaji. Ƙafar da take zuwa gona kullum da safe! Mang Turing ya rasa yadda zai hana shi ba tare da ya faɗi abin da ya hana kowa faɗa ba.

Na dawo gida na rubuta sabon labari a zama ɗaya. Babu kurciya ko ɗaya. Na faɗi wanda ya koya masa, da gasar Cabanatuan, da haƙoran, da jana'izar Mang Doro, da maganar Efren. Sunan Efren sau ɗaya ya fito, na ƙirga. Na aika wa editan kwafi don ya gani ko ya yi. Amma ko ya karɓa, sai Lolo ya karanta ya sa hannu. Ranar da ya karanta zai san cewa garin nan kaf ya san ƙahonsa shiru yake. Zai kuma san in ya tafi sahun gaba ya rushe. Ban san wanne zai fara shiga zuciyarsa ba.

Kada ki yi fushi da ni. Ko ki yi, amma ki rubuto.

Taki,
Ning

*

Hong Kong
Afrilu

Luningning,

Kin ga na kira cikakken sunanki, to ki san na yi fushin. Na ce ki riƙe lema, kin je kin buɗe taro a maƙabarta.

Na rubuta miki takarda mai zafi na yaga. Na sake wata na yaga. Uwar ɗakina ta ce ko ciwon ido nake yi.

Ba ki san ubana kamar yadda na san shi ba. Mutum ne da ya taɓa tafiya daga garin Gapan har gida a ƙasa don kada ya ce wa abokinsa kuɗin motarsa sun faɗi. In ya ji an san wannan abin, yana iya sa ƙahon a akwati ya tura ƙarƙashin gado, ya daina fita ko coci. Kuma a mujalla! Mabusan ƙasar nan duka su karanta. Kin yi tunanin wannan?

Amma na yi ta juya maganar yaron nan. Mu ne bakinsa kawai. Ashe kunnuwan ba a banza suka yi girma ba. Ni da nake aiko masa da magani da rigunan sanyi, ban taɓa aiko masa da abu mai kama da wannan ba.

Ba zan ce ki ba shi ba, ba zan ce ki hana shi ba. Ina nan ina wanke kwanukan wasu, ke ce kike ganin fuskarsa. Abu ɗaya dai: in za ki yi, kada ki bi ta hannun uwarki ko Turing. Kada ya ji a bakin kowa. Kuma ki bari ya ci ya ƙoshi tukuna, Tatay da yunwa ko Fada ba ya saurara.

Ki rubuto min ko me ya faru, ko da layi ɗaya ne.

Tita Perla mai ƙaunarki, duk da haka

*

Quiapo, Manila
Afrilu

'Yata Luningning,

Gaisuwa. Wannan shi ne. Na gyara waƙafi uku, ban taɓa sauran ba. Wannan karon matata ba ta nemi hankici ba, ni na nema.

Zan sa shi a shafin farko in ya dawo da sa hannun kakanki kafin ƙarshen wata. In ya ƙi, ya ƙi, ba zan buga ko layi ba, kuma ba wanda zai ji daga gare ni. Sunansa ne, shi ke da iko da shi. Ko ya amince ko bai amince ba, ki ci gaba da aiko mana da labaran Santa Ines.

Ki gaishe shi da girmamawa.

H. Macaraeg

*

Gida, ranar Asabar

Lolo,

Ina kai hannunka goshina. Na san abin dariya ne in rubuta maka takarda alhali katangar gora ce kawai tsakanin ɗakina da naka, amma ka san ni da magana.

A bayan wannan takardar akwai shafi biyu. Labarinka ne, na mujalla. Ba za a buga ba sai ka yarda, in ka ce a'a ni da kaina zan sa shi a murhu, ba kuma zan sake tayar da zancen ba. Akwai abin da zai yi maka zafi a shafin farko. Ina roƙon ka da girman Allah kada ka tsaya a nan, ka kai ƙarshen na biyu, inda yaran suka yi magana. Ban ƙara musu ko kalma ba. Bayan nan in kana so ka yi fushi, ka yi da ni, ni na rubuta. Su ba su san ma zan ba ka ba.

Ba na so ka ajiye a watan Mayu, Lolo. Su ma ba sa so. Tsoron ka ne ya hana kowa faɗa, ni kuma na fi kowa tsoro, sai ga shi abin ya faɗo a kaina.

Da na yi niyyar in tura ta ƙarƙashin ƙofarka in gudu gidan ƙawata sai yamma. Har na sa takalmi. Na cire.

Ina hango ka yanzu ta taga, kana kan benci a gindin gwaiba, ka gama cin kifinka kana wanke hannu. Zan fito in sa maka ita a hannu. Na san za ka lalubi aljihu ka ce gilashinka ya ɓata, in karanta maka. To zan karanta, da ƙarfi, tun daga layin farko. In muryata ta yi rawa ka yi haƙuri ka jira ni.

Jikarka,
Ning